Sunayen Matan Durun

Gwarzo, watan Mayu

Zuwa ga Iya Saudatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Ya ƙarfin jiki? Ya zafin nan da jiran ruwa? Allah Ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Na san za ki juya takardar ki duba wa ya rubuto. Ni ne Zayyad, jikan Hajiya Sadiya ta Zariya, wadda kuke kaka ɗaya da ita. Sau ɗaya muka taɓa haɗuwa, lokacin rasuwarta. Ni ne dogon nan da ya riƙe miki jaka har tasha, kika ce in riƙa cin abinci. Na nemi lambarki wajen Mama, sai ta ce ko na kira wahalar banza zan sha, kunnenki ya daina ɗaukar magana a waya. Shi ya sa na koma ga biro. Wanda zai miƙa miki wannan Musbahu ne, direban da ke bin hanyarku ranar kasuwa.

Aiki ne ya kawo ni Gwarzo. Wasu malaman jami'a ke son yin bincike a kan haihuwa a ƙauyukan Gwarzo da Kabo: yadda mata ke zuwa awo, inda suke haihuwa, abin da ke kashe su da jariransu, da yadda lamarin ya sauya daga da zuwa yanzu. An ba su izini, aka fara tattaro tsofaffin littattafan rajista na ƙananan asibitoci ana jibgewa a wani ɗaki a nan. Ni aikina in ɗauki hoton kowane shafi, in shigar da abin da ke ciki a kwamfuta, in gyara shi yadda mai bincike zai iya aiki da shi.

Daga ni sai kwalaye a ɗakin. Shugabar aikin, Dakta Rufaida, tana Kano, sai dai ta waya. Matata Badi'a tana Zariya tana karatun jinya, ba damar ta biyo ni. Wata rana tun daga safe har la'asar, in ban da mai kosan ƙofar ofis, ba wanda nake buɗe baki in yi wa magana.

Makon jiya na buɗe kwalin farko daga Durun, sai ga sa hannu a ƙasan kowane shafi: Saudatu Abdulnasir. Wallahi Iya, ji na yi kamar wani ya yi mini sallama a bakin ƙofa. Ban san ke kika riƙe asibitin nan tsawon shekaru haka ba.

Ina da tambaya. Wasu layukan kin zagaye su da jan biro, wasu kin sa ɗan gicciye a gefe. Me suke nufi? Kuma gara ta cinye ƙasan littafi guda, ban san ko akwai inda aka kwafe shi ba.

A gaishe da mutanen gida.

Jikanki,
Zayyad

Durun, watan Mayu

Angona Zayyad,

Wa alaikumus salam. Lafiya lau nake, sai gwiwa, ita ma ta saba da ni na saba da ita. Ya baƙunta? Ya kewar amarya? Ka ce wa Badi'a uwargida na gaishe ta, kuma kada ta saki jiki, ga ka nan kusa da ni yanzu.

Na gane ka sarai. Har yanzu kana nan kamar karan dawa, ko ka ɗan cika?

Da Musbahu ya ce ga takarda, cewa na yi ya duba da kyau, ba tawa ba ce. Tun da na ajiye aiki ba wanda ya rubuto mini komai. Ka ce a gaishe da mutanen gida. To na gaishe da kaji, sun amsa. Malam ya rasu, ka sani. Ɗana Taufiq yana Fatakwal da iyalinsa, 'yata Halima Sa'adiya tana aure a Katsina. Suna ƙoƙari, suna kira, sai maƙwabciyata Zinnira ta riƙe wayar ta riƙa ɗaga murya tana maimaita mini. Ka san hirar da sai ta bi ta bakin wani, gaisuwa ce kawai take isowa, sauran a hanya take zubewa.

Yanzu ga amsarka. Jan zagaye, haihuwar gida ce da aka zo aka kira ni na je na karɓa. Ba a ba mu gurbin rubuta wannan a littafin ba, ni na ƙirƙiro abina. Gicciye kuwa, wadda na tura babban asibiti ce. In ka ga gicciye biyu, na tura ta amma ba ta je ba, ko miji ya hana, ko ruwa ya cinye hanya. Akwai wani ɗan ɗigo da na riƙa sawa a wasu shekaru, in ka ci karo da shi kada ka tambaye ni, na yi ta tunani na rasa dalilinsa. Littafin da gara ta ci ba shi da kwafi. Shekarar da rufin ɗakin ajiya ya yaye ne. Abin da ya tafi ya tafi.

Ashe akwai ranar da wani zai zauna ya karanta abin nan. Muna rubutawa ne kawai don mai duba aiki in ya zo ya ga ba mu zauna haka ba. Shi ma ba ya karantawa, shafin ƙarshe yake buɗewa ya sa hannu ya nemi ruwan sha. Amma ni ina sonsu. In haihuwa ta zo da sauƙi, sai na wanke hannu na zauna na rubuta sunan uwa a hankali, har da ɗan lanƙwasa. In ka ga rubutun ya karkace, to ranar ba ta yi daɗi ba.

Kwalin da aka kai maka kaɗan ne daga ciki. Sauran suna nan a asibiti, Malam Mato shugaban kwamitin asibitin ya ce sai wata mai zuwa za a zo ɗauka.

Ka zo ka gan ni mana. Tsakaninmu ba nisa. Ruwa ya sauka jiya, zogalen bayan ɗaki zai yi sabon ganye, in yi maka kwaɗo.

Uwargidanka,
Saudatu

Gwarzo, watan Yuni

Iya,

Assalamu alaikum. Ya gwiwar? Ya kaji, tunda su ne mutanen gida? Na isar da saƙonki ga Badi'a, ta ce ta bar miki ni har ta gama jarrabawa, daga nan a sake zama. An yi Sallah lafiya? Ni a nan na yi tawa, aiki bai bar ni na je Zariya ba. Mai gidan da nake haya ya aiko mini da nama a kwano, na ci a tsaye.

Bayaninki ya warware mini abubuwa da yawa. Na faɗa wa Dakta Rufaida maganar gicciye biyu, ta yi murna ƙwarai, ta ce irin abin da suke nema ke nan, don ba inda aka rubuta matan da aka tura ba su je ba. Yanzu na buɗe masa gurbi na kansa. Kuma gaskiyarki, na fara gane ranakun da rubutunki ke karkacewa. Wani lokaci kafin in karanta layin na san abin da zan tarar.

Kin san wahalar aikin? Ba shigarwar ba ce, daidaitawar ce. Mace ɗaya a rubuta ta Hauwa a wannan wata, Kulu a wancan, Jummai a haihuwa ta gaba. Shekarunta ashirin bana, baɗi ma ashirin. Sai na bi sunan miji da unguwa kafin in tabbatar ita ce. Wani asibitin kwanan wata na Turawa suke sawa, wani na Musulunci, wani kuma "ranar kasuwa" kawai. Naki ne mafi tsabta, ba don kina uwargidana ba.

Mataki na gaba shi ne cire sunaye. Kowace mace za a ba ta lamba a maimakon sunanta, a cire sunan miji, a cire unguwa, ƙananan ƙauyuka a haɗe su wuri ɗaya yadda ba mai iya cewa wance ce.
A cikin na kwamfuta nake nufi.
Ƙa'idar aikin ke nan, sai an yi haka za a miƙa wa masu bincike. Nan da ɗan lokaci ba za a ga sunan kowa ba, har naki da ke ƙasan shafi, ke ma lamba za ki koma. Na fara da na garin Kara, yana tafiya da sauri. In sauran na Durun suka iso su ma haka.

Zuwa kuwa ina nan tafe, amma a ɗan yi mini haƙuri in rage wannan tulin. A ajiye mini zogalen.

Naki,
Zayyad

Durun, watan Yuni

Zayyad,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, alhamdu lillahi. Ina fatan kai ma haka.

Na karanta takardarka, na ajiye, na sake ɗauka. Ashe abin da aka kwashi littattafan a yi musu ke nan. Kuma kake faɗa mini da murna, wai yana tafiya da sauri.

Nawa sunan dai, ka goge shi, ban damu ba, na ci albashinsa. Amma matan nan fa? Ka san su wane ne? Mafi yawansu ba su shiga aji ba, ba su da katin komai, aurensu ma da baki aka ɗaura. Duk duniya ba inda aka taɓa rubuta sunansu sai littafin nan. In na tambayi mace sunanta, wata sai ta rufe fuska tana dariya, don tun da aka kawo ta gidan miji ba wanda ya kira ta da shi. Wasu sun rasu a hannuna. Kabarinsu ya baje, mazan sun sake aure, 'ya'yan ba su san fuskarsu ba. Akwai jariran da ba su kai ranar suna ba, na rubuta su ɗan wance, 'yar wance, don kada a ce ba su zo ba. Yanzu kai, jinin Sadiya, ka zauna a ɗaki kai kaɗai kana bin su ɗaya bayan ɗaya kana shafewa.

Ban yi barcin kirki ba tun ranar. Jiya na sa mayafi na je wajen Malam Mato, na faɗa masa abin da ake yi. Ya tara 'yan kwamiti, sun ce littafi ko ɗaya ba zai ƙara fita daga asibitin nan ba, kuma waɗanda aka ɗauka a dawo da su yadda suke. Na gaya maka don kada ka ji a bakin wani.

Maganar zuwanka, bar shi. Ba sai ka zo ba.

Saudatu

Gwarzo, watan Yuni

Iya,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina kuma roƙon ki karanta wannan har ƙarshe.

Wallahi ban taɓa littafi ko ɗaya da biro ba. Ko ƙura ce, da busasshen ƙyalle nake share ta. Sunayen suna nan yadda kika rubuta su, har da lanƙwasar. Abin da nake cirewa a kwafin kwamfuta ne, wanda zai tafi hannun mutanen da ba su san matan nan ba, kuma bai kamata su san su ba. Na rubuta haka a waccan takardar, amma da na tuna yadda na faɗe shi a gajarce, laifina ne. Na yi miki bayani kamar ina magana da abokin aiki.

Ki duba abin da ke cikin layukan nan, Iya. Wadda ta yi ɓari. Wadda aka samu da ciwon da ake ɓoyewa. Wadda ta haihu watanni kaɗan bayan biki. Wasunsu suna raye, suna da surukai. Kwafin nan zai je Kano, ya je inda ban sani ba, ɗalibai za su buɗe shi. In ɗan garinku ne a cikinsu fa? Mai bincike ba ya bukatar sanin wance ce, yana bukatar sanin mata nawa ne irinta, da abin da ya sa.

Ki taimaka ki yi wa Malam Mato wannan bayani. Motar da aka tura ɗaukar littattafan ta dawo ba komai.

Jikanki,
Zayyad

Gwarzo, ƙarshen watan Yuli

Iya,

Assalamu alaikum. Ya jiki? Ya damina? A nan ruwa ake yi ba ƙaƙƙautawa, bangon ofis ya fara tsattsafo, na ɗora kwalaye a kan benci.

Fiye da wata guda ke nan ban ji daga gare ki ba. Musbahu ya ce ya tarar da ƙofarki a rufe, ya tura takardar ta ƙarƙashi. Da na sake tambayarsa ya ce ya daina bin hanyar, taɓo ya yi yawa. Wannan zan ba mai babur ne, ban san ko za ta isa ba. Na sha ɗaukar hula da niyyar in taho, sai in tuna kin ce ba sai na zo ba, in mayar in rataye. Ba na so in tsaya a ƙofarki a ce mini kina ciki.

Dakta Rufaida ta zo da kanta. Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga. Ta ce wa ya ba ni izinin tattauna aikin da wanda ba ya cikinsa? Na ce ke kika rubuta littattafan. Ta ce ta sani, kuma ta gode da gicciye biyu, amma ga inda abin ya kai mu. Ta aika wa kwamitinku takarda, suka ce sai abin da Hajiya Saudatu ta ce. In na Durun ba su zo ba kafin ƙarshen wata mai zuwa, za a rufe aikin babu su. Ni ba korata za a yi ba, kwantiragina ne dai ba za a sabunta ba, na fahimci haka a fuskarta. Wannan bai dame ni kamar ɗayan ba: duk abin da za a rubuta a kan matan yankin nan, ba matan Durun a ciki. Shekarunki duka, kamar ba a yi su ba.

Akwai abin da ya kamata in faɗa miki, ko da zai ƙara miki fushi. Na tambayi inda za a kai littattafan in an gama. Aka ce wani ɗakin ajiya a Kano. Na taɓa shiga ɗakin. Takardu ne har rufi, a ɗaure da igiya, ba wanda ya san me ke ina. Ba za a goge sunan kowa ba, amma ba na jin wani zai sake buɗe su. Don haka ba ki yi kuskure duka ba.

Kwanakin nan wata ɗabi'a ta kama ni. Kafin in mayar da mace lamba, sai in kira sunanta a fili. Ba don komai ba, ɗakin ne ya yi shiru da yawa. Mai gadi ya leƙo rannan yana tambaya da wa nake magana.

Badi'a ta ce in bar rubuto miki, wai tsofaffi in sun yi fushi sai an ba su lokaci. Na kasa. Ko layi ɗaya ne ki aiko, in san kina lafiya.

Zayyad

Durun, watan Agusta

Angona,

Wa alaikumus salam. Za ka ga rubutun ba nawa ba ne. Zinnira ce ke rubutawa, ni ina faɗa. Ina lafiya, kada hankalinka ya tashi.

Ba na gari. Taufiq ya zo ya kai ni Kano aka yi mini aikin ido, daga nan Halima ta wuce da ni Katsina jinya. Yanar ido ce ta rufe mini gani, ta daɗe, ina ɓoyewa. Kunne ya tafi, in kuma aka ji ido ya bi shi, na san ba za su bar ni a gidan nan ba. Na dama ya buɗe, alhamdu lillahi. Na hagu likita ya ce an makara. Da na ce maka ba sai ka zo ba, rabi fushi ne, ba zan yi ƙarya ba. Rabi kuwa na san ba za ka same ni ba, kuma ban so in ce maka ga dalili.

Shekaranjiya na dawo na tarar da takardunka biyu, ɗaya kaji sun taka. Na sa Zinnira ta karanta mini, da tsohuwar ma. Sai ga layin nan, "a cikin na kwamfuta nake nufi". Daidai kan ninkin takardar ya faɗa, idona ya tsallake shi. Na tayar da gari a kan layin da ban gani ba.

Duk da haka da ta gama karantawa ban sauko ba. Na ce ko a kwamfuta ne, me ya sa za a mayar da mutum lamba kamar buhun taki? Sai yarinyar nan ta ajiye takardar ta matso kusa da kunnena. Ta ce, "Iya, ina cikin littafin nan fa." Na ce na sani, ni na rubuta ki. Ta ce, "Sau nawa?" Ba ta jira amsata ba. Ta ce, "Uwar mijina biyu ta sani. Sauran daga ni sai ke sai Allah. In suna so su ƙirga ni, su ƙirga, ko Allah Ya sa a gano abin da ke zubar mana da ciki. Amma kada a kira sunana." Shekara da shekaru muna katanga ɗaya, kullum tana gidan nan, ban taɓa tambayarta yadda take ji da wannan ba. Ita ta ce in bari a rubuta maka, don ka san ba ni kaɗai ke da magana a kan littattafan ba.

Na aika wa Malam Mato. Ku turo mota. Amma ga sharaɗina, kuma na kwamiti ne yanzu: in kun gama, littattafan Durun su dawo Durun. Ba za su je ɗakin nan na Kano ba. Ka faɗa wa Daktarku, in tana so ta zo ta same ni, ido ɗaya ya ishe ni ganinta. Ka kuma ce mata laifin nawa ne, kada ta taɓa maka aiki.

Taufiq yana ta maganar in an yi kaka zai zo ya tafi da ni Fatakwal. Na ce masa sai dai ya haɗa da gidan. Ka gama aikinka a nutse, ka kawo littattafan da hannunka, in gan ka.

Uwargidanka,
Saudatu

Malam Zayyad, ni ce Zinnira. Ba ta ce in rubuta wannan ba. Ba ta iya girki yanzu, ni nake kawo mata. In za ka zo kada ka daɗe.

Gwarzo, watan Agusta

Iya,

Wa alaikumus salam, da babbar murya yadda za ki ji. Sannu, sannu da jiki. Allah Ya ƙara sauƙi, Ya bar mana na daman. Da na san kina kwance a Kano ai da na zo, ko da za ki kore ni.

Littattafan sun iso. Dakta Rufaida ta amince da sharaɗinku, har ta ce za a sayi kabad na ƙarfe mai makulli a kai asibitinku, kuma za ta nemi a yi wa sauran garuruwan haka in an yarda. Ta ce in gaishe ki. Maganar aikina ba ta ce komai ba, ni ma ban tambaya ba.

Lokaci ya ƙure, don haka ba dare ba rana nake yi. Ki ba ni 'yan makonni. Ranar da na rufe shafin ƙarshe, ni da kabad da kwalaye za mu hau mota ɗaya. Ki gode wa Zinnira. Ki ce mata na ga saƙonta.

Angonki,
Zayyad

Durun, ƙarshen watan Satumba

Iya,

Assalamu alaikum. Ya gajiyar hanya? Ya ƙugun? Ya baƙon wuri? Ina gaida Kawu Taufiq da iyalinsa. Hoton wannan takarda zan tura a wayarsa, ya buɗe miki shi da girma yadda idon zai ɗauka.

A kan dakalin ƙofar gidanki nake rubutu. Na iso da hantsi, na tarar da kwaɗo a ƙofa. Zinnira ta fito ta faɗa mini: kin zame a tsakar gida bayan ruwa, kin kwana biyu ba kya tashi, Kawu Taufiq ya zo ya tafi da ke, bai jira kaka ba. Ta ce kin sa ta rubuto mini, ta ba wani mai babur. Takardar ba ta iso gare ni ba. Ta ce ranar tafiyar kin sa an tsaya a bakin titi kina duba motocin da ke fitowa daga Gwarzo. Ni kuwa ina can ina gyara kwanan wata. Zinnira ta ce kada in daɗe, na ga kamar makonni kaɗan ba daɗewa ba ne.

Aikin ya kammala. Matan Durun suna ciki, da jan zagayenki da gicciyenki, kowanne da gurbinsa. Ba a sabunta kwantiragina ba, an ce kuɗin aikin ne ya ƙare, wataƙila ma gaskiya ne. Jibi zan koma Zariya.

Mun kafa kabad ɗin a ɗakin awo, nesa da taga. Na jera littattafan shekara bayan shekara, Malam Mato ya karɓi makulli ɗaya, ma'aikaciyar asibitin ɗaya. Ina shirin tafiya sai mata suka fara shigowa, ashe labari ya zaga. Wata tana son ranar da ta haifi ɗanta, za a yi masa takardar makaranta. Wata so take kawai ta ga inda aka rubuta ta. Ma'aikaciyar ta ce su riƙa shiga ɗaya ɗaya, kowa layinta kaɗai za a nuna mata, in rufe sauran da takarda. Haka muka yi har azahar. Wata da na karanta mata sunanta sai ta ce, "La, haka ake rubuta shi? Ashe gajere ne."

Can da mutane suka watse, wani dattijo da ke zaune a benci tun safe ya taso. Ya ce sunansa Zailani, daga wani ƙauye a bayan rafi. Ya ce matarsa ta fari, Aisha Humaira, a nan ta rasu wajen haihuwa, ita da abin da ke cikinta, shekarar da aka yi fari. Bai san shekarar da lamba ba. Muka yi ta buɗe littattafai har muka same ta. Rubutunki a wurin ya karkace sosai, Iya. Na nuna masa. Ba ya karatun boko. Ya ce, "Nan ne?" Na ce nan ne. Ya goge yatsansa a jikin riga, ya ɗora a kan layin, ya bar shi a wurin. Ban san tsawon lokacin da muka yi a haka ba. Ma'aikaciyar ta fita ta ba mu wuri.

Da ya ɗaga hannu sai ya ce ranar nan ke kika fito kika faɗa masa da bakinki, ba ki aiko kowa ba, kuma kin raka gawar har gida a ƙafa. Ya ce shi a lokacin ko kallonki bai yi ba, kuma tun daga nan kunya ta hana shi zuwa. Yau da ya ji an dawo da littattafai ya ɗauka kina nan, ya zo ya yi miki godiya. Ya kawo miki gyaɗa sabuwar tona a ɗan buhu, tana wajen Zinnira.

Na ce masa kina Fatakwal wajen ɗanki. Ya tambaya ko da nisa. Na ce da nisa. Sai ya ce, "To yaushe za ta dawo?"

Na ce masa zan tambaye ki. Ya ce zai riƙa leƙowa ranar kasuwa.

To Iya, ga shi na tambaya.

Jikanki,
Zayyad